Jagorar Shiga Wasan Harbi na Kaboyi a Amurka: Bindiga, Tarihi da Waƙa

A cikin wasannin harbi da ake yi a Amurka akwai guda ɗaya wanda ba a shiga filinsa sai an ɗauki sabon suna, an sa tufafin mutanen da, an kuma bar bindigar zamani a gida. Shi ne wasan harbi na kaboyi, wanda ya samo asali a kudancin Kalifoniya a 1981, lokacin da Harper Creigh da abokansa biyu, Gordon Davis da Bill Hahn, suka fara gasa a tsakaninsu da irin bindigogin da suke gani a finafinan kaboyi. A 1982 suka shirya babbar gasa ta farko mai suna End of Trail, a 1987 kuma aka kafa ƙungiyar Single Action Shooting Society (SASS), wadda ita ce ke tsara dokokin wasan har yau, kuma tana da rassa a Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu da ƙasashen Turai da dama. Duk wanda ya taso da kallon finafinan kaboyi a silima zai gane sifar abin da kallo ɗaya. Abin da ba zai gane da wuri ba shi ne, harbin kansa da wuya ya wuce minti ɗaya a kowane zagaye, sauran yinin kuwa hira ce a kan bindiga da tarihi da waƙa, kuma wanda ya zo da kunne ya fi wanda ya zo da kuɗi saurin samun wurin zama a cikin jama'ar.

Mataki na farko: doka

Kafin komai, mutum ya san matsayinsa a gaban doka. Wanda yake zaune a Amurka da takardar zama ta dindindin yana iya sayen bindiga a hannun dillali mai lasisi, bayan ya cike takarda mai lamba 4473 an kuma binciki tarihinsa, da sharaɗin ya kai shekara 21 idan ƙaramar bindiga ce, ko 18 idan doguwa ce. Wanda yake da bizar karatu ko ta ziyara kuwa, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye, kamar idan yana da lasisin farauta mai aiki. Bayan wannan, kowace jiha tana da nata ƙarin sharuɗɗa, kuma abin da ya halatta a Arizona ba lallai ne ya halatta a New York ba. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, saboda haka wannan ba wasa ba ne da mutum zai ce zai kwaikwaya a gida.

Mataki na biyu: ka je kallo, kada ka sayi komai

Yawancin ƙananan ƙungiyoyi suna yin gasa sau ɗaya a wata, ran Asabar ko Lahadi, kuma suna maraba da 'yan kallo. Ka tuntuɓi shugaban gasar tun kafin ranar, ka tafi da tabarau mai kare ido da abin toshe kunne, domin ba a barin kowa ya tsaya kusa da fagen harbi ido a buɗe, ko da ɗan kallo ne. Dalili kuwa shi ne faifan ƙarfe ake harbi, kuma ɓarɓashin darma yana iya dawowa baya.

Al'adar wannan wasa ce a ba baƙo aron bindiga. Da wuya ka yi awa guda a wurin ba wani dattijo ya miƙo maka tasa ya ce ka gwada ba, kuma wannan ita ce babbar riba ta zuwa kallo, domin kayan wasan gaba ɗaya suna cin dubban daloli, kuma bindigar da ta zauna a hannun wani tana iya yi maka nauyi ko ta yi maka tsawo. A ganina, wanda ya je kallo sau biyu ko uku ya taɓa bindigogi iri-iri kafin ya buɗe jakarsa ya tsira daga asarar da sababbin shiga suka fi yi, wato sayen abin da dokar wasan ba ta yarda da shi ba.

Mataki na uku: laƙabi da tufafi

Kowane ɗan ƙungiya yana yin rajista da laƙabi wanda babu mai irinsa, kuma ba a karɓar wanda furucinsa ya yi kama da na wani. Da wannan laƙabi ake kiransa a fage, da shi ake rubuta sakamakonsa, har ma akwai waɗanda suka shekara goma suna harbi tare ba su san sunan yankan juna ba. Ana ɗaukar laƙabin daga mutumin tarihi, ko sana'ar zamanin, ko jarumin fim. Shi kansa Harper Creigh, mai lamba 1 a rajistar ƙungiyar, ya ɗauki sunan Judge Roy Bean, wani alƙalin ƙauye da ya yi suna a Texas.

Bahaushen da ke neman wanda zai jingina da shi ba zai rasa ba, domin masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka kora shanu daga Texas baƙaƙen fata ne, ga kuma 'yan Meziko masu yawa, waɗanda a wurinsu ne aka koyi sana'ar tun asali, da sirdinta da igiyarta. Akwai Nat Love, wanda aka haifa cikin bauta ya zama makiyayi ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa a 1907. Akwai Bass Reeves, wanda ya zama mataimakin jami'in tsaro na tarayya a 1875 ya yi aikin fiye da shekara 30. Finafinai sun daɗe suna share waɗannan mutane daga hoton, amma 'yan wasan da suka yi karatu sun san su sarai.

Tufafi ba sa buƙatar kashe kuɗi da farko. Riga mai dogon hannu, wandon jins mara ado, takalmin fata da malafa sun isa. Abin da aka hana shi ne hular hana-sallah, takalmin gudu, rigar maza mai gajeren hannu, kayan roba ko leda, da tambarin kamfani a jikin tufa. Daga baya, idan abin ya shiga ran mutum, zai fara lura da ƙananan abubuwa: cewa wandon makiyayi na 1880 ba shi da madaukan bel, da igiyar kafaɗa ake riƙe shi, cewa malafar kaboyi ta kamfanin Stetson ta farko, ta 1865, mai buɗaɗɗen baki ce mara lanƙwasa, cewa kuben libarba mai saukowa har cinya ƙirƙirar masu shirya fim ce, makiyayin gaske a saman ƙugu yake ɗaure nasa don kada ya dame shi a kan doki. Wanda yake son kamannin fim ɗin ma an ware masa rukuninsa, inda ake son riga mai ado da kube mai walƙiya.

Mataki na huɗu: bindigogi huɗu

Ana buƙatar libarba biyu, doguwar bindiga ɗaya, da bindigar 'ya'yan darma ɗaya, dukkansu masu ƙirar da ta gabaci 1900, ko na asali ko kwaikwayonsu.

Libarbar dole ta kasance irin wadda sai an ja gudumarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Uwar wannan iri ita ce Colt ta 1873, wadda sojan Amurka ya ɗauka, mai cin harsashin .45 (lambar tana nuna faɗin harsashin ne a ma'aunin inci). Ta asali tana da tsada ƙwarai, shi ya sa mafi yawan 'yan wasa suke amfani da kwaikwayon da kamfanonin Uberti da Pietta suke ƙerawa a Italiya, ko kuma Ruger Vaquero, wadda ta fito a 1993 kuma ta yi suna wajen juriya. Doguwar bindigar ita ce mai hannun ƙarfe a ƙarƙashi, wanda ake turawa gaba a dawo da shi don fitar da kwanso da ɗora sabon harsashi, kuma dole ta ci harsashi irin na libarba. A nan Winchester ta 1873 ce ta mamaye fage saboda santsin aikinta, sai ta 1866 mai jikin tagulla, sai Marlin ta 1894. Ta huɗun, wato ta 'ya'yan darma, mafi sauƙi ga sabon shiga ita ce mai baki biyu, amma da sharaɗin kada ta zama mai cillo kwanso da kanta. Da girgiza ake zubar da shi. A cikin bindigogin 'ya'yan darma ana kuma yarda da Winchester ta 1897 da ta 1887.

Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce libarba da doguwar bindiga su ci harsashi iri ɗaya. Wannan ba dabarar yau ba ce, domin tun a ƙarshen shekarun 1870 kamfanin Colt ya fara ƙera libarbarsa da harsashin .44-40 na Winchester, don mahayi ya riƙe guzurin harsashi guda. A yau .38 Special ne ya fi yawa a fage, saboda arha da ƙarancin naushi a hannu, ko da yake masu kishin tarihi za su tuna maka cewa sai a 1898 ya fito, bayan zamanin korar shanu ya wuce. Su ma masu .45 ba su tsira ba, domin babu doguwar bindigar Winchester ta wancan ƙarni da aka ƙera da harsashin .45 na Colt. Irin wannan gardama ba ta ƙarewa, kuma ba a so ta ƙare.

Harsashi na darma zalla ake harbawa, ba mai rigar tagulla ba, kuma gudunsa kada ya wuce ƙafa 1,000 a daƙiƙa a libarba, ko ƙafa 1,400 a doguwar bindiga. Gasar wata mai zagaye shida tana cin harsashi 120 da wajen kwanso 25 zuwa 30 na 'ya'yan darma, saboda haka a tafi da ƙari. Za a kuma buƙaci 'yar amalanke ta ɗaukar kaya daga wannan fage zuwa wancan, wadda da yawa suke haɗawa da kansu da katako.

Mataki na biyar: teburin ɗuri da ƙa'idojin tsaro

Wannan ne matakin da ba a yi masa gaggawa. Duk faɗin filin babu mai yawo da bindiga a ɗure. Wuri ɗaya tak ake ɗuri, wato teburin da ke gefen fage, kuma a gaban mai sa ido. Idan layi ya zo kanka, za ka kwantar da bindigoginka a kan tebur bakinsu yana kallon tudun ƙasar da ke tare harsashi. Libarba tana da ramuka shida, amma biyar ake cikawa, domin guduma ta kwanta a kan ramin da babu komai. A irin ƙirar Colt, yadda ake yi shi ne a ja guduma rabi, a buɗe 'yar ƙofar gefe, a sa harsashi ɗaya, a tsallake rami ɗaya, a sa huɗu, sannan a ja gudumar har ƙarshe a sauke ta a hankali. Idan an yi daidai, a kan ramin banza za ta sauka, kuma mai sa ido zai leƙa ta gefe ya tabbatar. Mutanen da ma haka suke yi, domin tsohuwar Colt idan ta faɗi a kan gudumarta da harsashi a ƙarƙashi tana iya tashi. Doguwar bindiga tana ɗaukar goma a bututunta, ɗakin harbinta babu komai. Ta 'ya'yan darma kuwa a buɗe take zuwa fage, sai agogo ya fara ake ɗura ta.

Babbar ƙa'ida ita ce ta digiri 170: bakin bindiga kada ya karkata fiye da digiri 85 zuwa dama ko hagu daga inda ake harbi, haka ma sama da ƙasa. Wanda ya karya ta ya rasa zagayen gaba ɗaya. Wanda ya yar da bindiga ba a ɗure ba, shi ma ya rasa zagayen. Idan a ɗure take, ya fita daga gasar ranar, kuma ba shi ne zai sunkuya ya ɗauka ba, jami'in fage ne. Ba a tafiya da bindiga gudumarta a ja, ba a kuma mayar da ita kube a haka. Idan harbi ya yi wata ƙaramar ƙara wadda ba a saba ji ba, a tsaya nan take, domin mai yiwuwa darma ta maƙale a bututu, kuma harbi na biyu a kanta yana iya fasa bindigar. Bayan an gama, sai teburin saukewa, inda za a nuna wa wani mai sa ido kowane rami na kowace bindiga.

Mataki na shida: zagayen kansa

Ana raba mahalarta ayari-ayari, kowane ayari yana zagaya fagage tare. Kowane fage an ƙawata shi da katako kamar gaban banki, ko kurkuku, ko keken doki, kuma kafin a fara ana karanta ɗan labari da tsarin da za a bi. Faya-fayan libarba suna yadi 7 zuwa 10, na 'ya'yan darma 8 zuwa 16, na doguwar bindiga daga yadi 13 zuwa sama. Suna da girma kuma suna kusa, har sabon zuwa ya raina su, sai agogo ya yi ƙara ya ga yadda ake kuskuren abu mai faɗin faranti.

Mai harbi yana tsayawa inda aka ce, hannunsa a kan malafa ko a jikin ƙofa, ya faɗi 'yar jimlar da labarin ya tanada don nuna ya shirya. Mai agogo yana bayan kafaɗarsa, na'urar tana ƙirga ƙarar kowane harbi, mutum uku kuma suna ƙirga kuskure. Kowane kuskure daƙiƙa 5 ne a kan lokacinka, saɓa tsarin harbi daƙiƙa 10, kuma idan masu ƙirga suna shakka, mai harbi ake bai wa gaskiya. Tsare-tsaren suna da sunaye. Wanda ake kira sharar Nevada a kan faifai huɗu shi ne 1, 2, 3, 4, 3, 2, 1, 2, 3, 4. Akwai kuma wanda aka sa wa sunan Lawrence Welk, wani shugaban makaɗa na talabijin da ya shahara da ƙirga ɗaya da biyu kafin a fara kiɗa: harbi ɗaya a faifan farko, biyu a na biyu, uku a na uku, huɗu a na huɗu.

Lissafin a bayyane yake. Gwanaye suna gama harbi 24 cikin ƙasa da daƙiƙa 20, sabon shiga kuwa yana iya kai wa minti ɗaya, kuma babu wanda zai yi masa dariya. Amma kuskure uku daƙiƙa 15 ne, wanda ya fi duk abin da gaggawa za ta rage masa. Burin watannin farko shi ne a gama gasa ba kuskure ko ɗaya. Idan ba kai ke harbi ba, ka tsinci kwanso, ka tayar da faya-fayan da suka faɗi, ka karɓi ƙirga idan an koya maka. Da wannan ake auna mutum a ayari fiye da saurin hannunsa. Akwai rukunan shekaru, daga yara har zuwa waɗanda suka haura 70, da rukunan salo, kamar harbi da hannu ɗaya, ko libarba a kowane hannu, ko amfani da baƙin albarushi irin na da. Masu wannan na ƙarshe sai sun wanke bindigoginsu da ruwan zafi da sabulu a ranar, domin tokarsa tana jawo laima da tsatsa. Kowa kuma ya wanke hannu kafin cin abinci, saboda darma guba ce.

Mataki na bakwai: shiga hira

Idan aka kulle bindigogi aka zauna, tarihi ne kan gaba, kuma yana da kyau mutum ya riƙe ƙashin bayansa. Zamanin korar shanu gajere ne, wajen shekara 20 kacal. Ya fara bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, lokacin da shanu suka yi yawa a Texas ba su da daraja, alhali biranen arewa suna neman nama. A 1867 Joseph McCoy ya gina kara a Abilene ta jihar Kansas, a bakin layin dogo, aka riƙa koro garke mai shanu 2,000 zuwa 3,000 ta burtalin da ake kira Chisholm, mutum goma ko goma sha biyu suna tafiyar mil 10 zuwa 15 a yini. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, da isowar layin dogo cikin Texas, da mugun hunturun 1886 zuwa 1887, su suka kashe sana'ar.

Kaboyi na gaske lebura ne mai ƙaramin albashi, kuma ya fi fargabar kogi da firgitar shanu a kan ɗan fashi. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone suna da dokar ajiye makami idan an shigo gari, kuma yunƙurin tilasta wannan doka yana cikin abin da ya haddasa arangamar O.K. Corral, musayar wuta tsakanin jami'an doka da wasu makiyaya a Tombstone ran 26 ga Oktoba 1881, wadda ta ɗauki kamar daƙiƙa 30 ta ci rai uku. Hoton da duniya ta sani ya fito ne daga wasan nunin dawaki da harbi na wani tsohon mafarauci mai laƙabi Buffalo Bill, wanda ya fara a 1883, sannan daga silima, inda ake riƙa wa jarumi Winchester ta 1892 a labarin da ya faru a 1870. Akwai kuma ɓangaren da bai kamata a tsallake ba, wato filayen da aka yi kiwon an ƙwace su ne daga 'yan asalin ƙasar, Lakota da Cheyenne da Comanche da sauransu, an kuma karkashe ɓaunar da suka dogara da ita daga miliyoyi har ta kusa ƙarewa. Mai hankali yana jin daɗin wasan ba tare da ya mayar da wannan abin raha ba. Wanda ya ga SASS ta yi sassauci wajen bin tarihi, akwai wata ƙungiya, NCOWS, da aka kafa a 1994, wadda ta fi tsanani a kan sahihancin kaya.

Waƙa kuwa hawa biyu ce, kuma rarrabe su shi ke nuna wanda ya sani. Hawa na farko shi ne waƙar aiki. Masu gadin dare biyu suna kewaya garke a kan doki, kowa ta nasa ɓangaren, suna rera waƙa a hankali don shanu su san mutum ne ke motsi kada su firgita, kamar dai yadda makiyayin Fulani yake kwantar da shanunsa da murya. Yawanci babu kayan kiɗa, domin jita ba ta jure tafiyar wata uku. Abin da ake samu a zango shi ne hamonika ta aljihu, wani lokaci goge irin na Turawa ko banjo. Karin da yawa daga tsofaffin waƙoƙin Ingila da Ireland aka aro shi aka sa masa sababbin baitoci. Jack Thorp a 1908 da John Lomax a 1910 su suka fara tattara su a littafi. Banjo kuma tana da nata labarin da ya shafe mu, domin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta a tsibiran Karibiyan da duma da fata da tsirkiya, kuma wanda ya san gurmi zai gane dangantakar da ya ga tsohuwar ƙirarta.

Hawa na biyu shi ne waƙar rediyo da silima daga shekarun 1930, ta su Gene Autry da Roy Rogers, jaruman fim masu waƙa, mai jita da amshi da muryoyi a jere, sai kuma kiɗan da Ennio Morricone ya tsara wa finafinan kaboyi na Italiya a shekarun 1960. Wannan ce aka fi ji a lasifika a manyan gasanni, inda ake rufe taro da liyafa da rawa da gasar ado. Idan laƙabinka na makiyayin 1875 ne aka ce ka rera wani abu a bakin wuta, ka nemi ɗaya daga cikin tsofaffin da ke littafin Lomax ka rera ta da murya kawai, a hankali, daidai da takun doki mai tafiya. Wanda kuma yake son jin yadda makiyayan yau suke riƙe da wannan gado, ana taron waƙa da baitocin kaboyi a garin Elko na jihar Nevada a ƙarshen watan Janairu, tun daga 1985, kuma shiga wurin ba ya buƙatar bindiga ko lasisi.